Gidan hawan bango a Shefil: in yi rajistar wata-wata ko in haƙura?

Abban Nana:
Assalamu alaikum. Jama'a shawara nake nema, musamman daga mutanenmu na Shefil da kewaye. Akwai wanda ya saba zuwa gidajen nan da ake hawan bango a cikin ɗaki? Wani abokin aikina ya ja ni ranar Asabar, kuma gaskiya abin ya burge ni fiye da yadda na zata. Yanzu sai turo mini saƙo suke yi wai in yi rajistar wata-wata, a riƙa cirar kusan fam 50 daga asusuna, alhali shiga sau ɗaya fam 13 ne, ban da hayar takalmi. Likita dama ya daɗe yana mini faɗan yawan zama, ga ciwon baya, ga hunturu ya kawo kai, ɗan gudun da nake yi a waje ya gagara. Nana ma tun da ta ga hotunan ta hana ni sakat. In shiga ko in haƙura? Sannan akwai wata takarda da suka sa na sa wa hannu, har yanzu ba ta kwanta mini ba.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Ikon Allah! A unguwarmu wanda aka kama yana hawan katanga duka yake sha, kai kuma ka zo Turai sai ka biya kafin a bar ka ka hau.

Alhaji Garba na Biradfod:
Abban Nana, kai fa magidanci ne, ba yaro ba. Fam 50 kowane wata, juya shi zuwa naira ka ga gidaje nawa za su ɗora tukunya da shi a can gida. In motsa jiki kake so, ka riƙa takawa zuwa masallaci, ka bar hawa bas. Mu da muka zo ƙasar nan tun kafin a haifi wasunku, ba mu taɓa biyan kowa don mu yi gumi ba.

Ɗan Kufena:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, a yi mini afuwa zan ɗan sa baki, don wannan harkar tawa ce. Abban Nana, wane iri ka yi? Mai igiya ko marar igiya?

Abban Nana:
Marar igiya. Bangon bai yi tsawo sosai ba, ƙasa kuma duk katifa ce mai kauri, in ka taka sai ƙafarka ta ɗan nutse.

Ɗan Kufena:
To bolda ka yi ke nan. Bangonta ba ya wuce mita huɗu da rabi, shi ya sa ba a ɗaura igiya, katifar ce gatanka. Ita ta fi dacewa da mai farawa, don ba ka buƙatar abokin tafiya, takalmi da allin shafawa a hannu kawai. Mai igiyar kuwa bangon kan kai mita goma zuwa sha biyar, wani wurin ya fi haka, sai ka sa ɗamarar da ke kama ƙugu da cinyoyi, wani ya tsaya a ƙasa yana riƙe maka igiya, ko kuma ka maƙala kanka a wata na'ura da ke can sama mai janye igiyar da kanta, in ka saki ta sauko da kai a hankali.

Kuma ka sani ka faɗo garin da ya dace. A duk Ingila in ana maganar hawan dutse, Shefil ake fara ambata. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar birnin yana cikin gandun Peak District, ga dutsen Stanage can bayan gari, ya miƙe kusan kilomita shida. The Foundry, wanda aka buɗe a 1991, shi ake ɗauka gidan hawan bango na farko irin na zamani a ƙasar nan, kuma Jerry Moffatt, ɗaya daga cikin gwanayen duniya na wancan lokaci, yana cikin waɗanda suka kafa shi. The Climbing Works kuma aka buɗe a 2006, shi bolda zalla ake yi. Asalin abin ma ba nisa ya yi ba: a Jami'ar Lids wani malamin motsa jiki, Don Robinson, ya gina bango a wani lungun gini a 1964, ya liƙa duwatsu a jikin bulo, don ɗalibansa su riƙa atisaye lokacin sanyi kada bazara ta zo su koma kan dutse jiki ya mutu su ji ciwo. Ka ga matsalar da ta dame ka yau, ta hunturu, ita ta haifi abin tun farko.

Amma shawarata, kada ka yi rajistar wata-wata yanzu. Zan faɗi dalili in na tashi daga aiki.

Ɗan Fagge:
Malam ya zo da tarihi har da shekaru. Mu dai Dala muka sani, shi ma da matattakala.

Barista Sadiƙ:
Abban Nana, me takardar ta ce da ta hana ka barci?

Abban Nana:
Barista, a allon kwamfuta aka cika ta a bakin ƙofa. Sun rubuta ɓaro-ɓaro cewa wannan wasa yana iya jawo rauni ko mutuwa, kuma na yarda ni ke da alhakin kaina. Akwai ma wurin da suka ce katifar ba ta hana karaya. Sai da na danna "na yarda" a wurare da yawa, sannan aka nuna mini wani gajeren bidiyo, aka tambaye ni lambar wanda za a kira in wani abu ya faru. Da na rubuta lambar maman Nana sai da gabana ya faɗi.

Alhaji Garba na Biradfod:
Kun ji ko? Su da bakinsu sun ce akwai mutuwa a ciki. Me ya rage kuma?

Barista Sadiƙ:
Baba, kalmomin nan kusan duk gidan hawan bango a ƙasar nan yana da su, daga sanarwar ƙungiyar masu hawan duwatsu ta Birtaniya, BMC, aka samo su. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, takardar ba ta wanke gidan daga komai ba. A dokar ƙasar nan, tun daga ta 1977 kan sharuɗɗan kwangila marasa adalci har zuwa dokar haƙƙin masu saye ta 2015, ba wani ɗan kasuwa da zai rubuta sharaɗi ya kuɓutar da kansa daga alhakin mutuwa ko rauni in sakacinsa ne ya jawo. In igiyarsu ta ruɓe ba su canza ba, ko suka bar rami tsakanin katifa da katifa ƙafarka ta shige, sa hannunka ba zai cece su ba. Abin da ka amince da shi shi ne haɗarin da ke cikin wasan kansa: ka hau, hannunka ya gaji, ka faɗo, ka gurɗe. Wannan kam naka ne.

Ni abin da na fi so ka karanta da kyau ba wannan ba ne, takardar cirar kuɗin ce. Duba ko akwai mafi ƙarancin watannin da dole ka yi, da kwana nawa ake ba da sanarwa kafin a fita, da ko ana iya dakatarwa in ka yi tafiya gida ko ka ji ciwo.

Ummu Haidar:
Wallahi Barista ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Maigidana ya yi rajista a wani gida a garinmu, bai daɗe ba ya gurɗe idon sawu, yana kwance ana ta cirar kuɗi. Da na kira su sai suka ce ai sai an rubuto a rubuce, kuma wata guda cur ake ba da sanarwa. Ga ciwo ga asara. Tun daga nan ko sunan wurin ba na son ji.

Alhaji Garba na Biradfod:
Allah ya ƙara masa lafiya. Ga shaida nan ta zo da ƙafarta. Ustaz yana nan kuwa? A gaya mana, wannan bai shiga jefa kai cikin halaka da aka hana mu ba?

Ustaz Nura:
Ina nan Baba, ina bin ku. Abin da malamai suke dubawa a irin wannan shi ne abin da ya fi rinjaye. In galibin masu yin abu lafiya suke yi lafiya suke tashi, kuma an ɗauki matakan kariya, ba a kiran sa jefa kai cikin halaka don kawai wani ya taɓa jin ciwo. In ba haka ba sai mu hana hawan doki ranar sallah, mu hana ƙwallo, mu hana tuƙi a hanyar Kaduna zuwa Kano. Wanda zai hau dogon dutse ba igiya ba komai don a ce masa gwani, wannan hukuncinsa daban. Amma ɗaki mai katifa da ma'aikata suna kallo, ban ga inda za a kafa hujjar haramci ba. Inda zan ja hankali shi ne sutura, da cakuɗuwa, da kada a bar salla ta wuce. A watan Disamba a nan kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, wanda ya shiga bayan azahar in bai yi hankali ba la'asar da magariba duk a kan bango za su same shi.

Dakta Hauwa:
Bari in sa baki ta ɓangarena, tunda gashin ƙashi da jijiya shi ne aikina kuma ina ganin masu wannan wasa. Ummu Haidar, abin da ya sami maigidanki shi ne raunin da aka fi samu a bolda: idon sawu, sai wuyan hannu da gwiwar hannu. Kuma yawanci ba a hawa ake samun sa ba, a saukowa ne. Mutum ya kai ƙarshe, murna ta kama shi, ya daka tsalle daga sama. An sa wasu manyan mariƙai, wato abubuwan da ake kamawa a jikin bango, a gefe musamman don a sauko da su, a yi amfani da su. In kuma faɗowar ta zo ba shiri, a dira da ƙafa biyu, a lanƙwasa gwiwa, a bar jiki ya mirgina ta baya, hannuwa a ƙirji. Kai hannu baya don a tokare shi ke karya mutane. Ni da zan kai sabo, kafin ya hau komai sai na sa shi ya yi ta faɗowa da gangan daga ƙasa-ƙasa har jikinsa ya saba.

Sai yatsu. Nama yana saurin yin ƙarfi, cikin 'yan makonni za ka ji ka canza, amma jijiyoyin yatsu da 'yan zobban da ke riƙe su a jikin ƙashi suna ɗaukar watanni kafin su kamo. A wannan tsakanin ne ake jin ciwo, damtse ya ce zai iya, yatsa bai shirya ba. Za ka ga wani katako mai ramuka an kafa a saman ƙofa, samari suna rataye da kan yatsu. Abban Nana, wannan ba naka ba ne bana. Kuma a cire zoben azurfa kafin a hau, in ya maƙale a mariƙi yayin faɗowa yana iya saɓule fatar yatsa gaba ɗaya. Na ga irinsa, ba na fatan in sake gani.

Maganar bayanka kuwa, hawan yana ƙarfafa naman ciki da na baya, wannan alheri ne. Dirar ce matsala. Ka gaya wa likitanka ainihin abin da za ka yi. In faifan ƙashin baya ne ke damun ka, mai igiya ya fi maka bolda, don a can ba a dira, saukar da kai ake yi.

Abban Nana:
Na gode Dakta. Maganar damtse kam na shaida. Da na fito ranar, hannuna ya kumbura daga gwiwa zuwa wuya, ya yi tauri, na kasa murɗa makullin gida sai da Nana ta buɗe mini. Washegari da zan yi alwala, wuraren da fata ta saɓule a gindin yatsu suka ce ba su san zancen ba.

Ɗan Fagge:
A ce mutum ya biya fam 13 ya dawo 'yarsa na buɗe masa ƙofa. Allah ya kyauta.

Ɗan Kufena:
Na dawo. Kumburin nan kowa ya yi shi, kuma yana nuna da hannu kaɗai ka hau. Duk sabo haka yake, ya ƙanƙame mariƙi da iya ƙarfinsa, gwiwar hannu a lanƙwashe, yana jan jikinsa sama. Ƙafa ce ke hawa, hannu riƙo kawai yake yi. Ka miƙar da hannunka ka rataya a kan ƙashi, ka taka da kan babban yatsa ba da tsakiyar ƙafa ba, ka matso da ƙugunka jikin bango, ka manne kamar tsaka. Ka duba inda za ka sa ƙafa har sai ta zauna kafin ka ɗauke ido. In ka ji takalminka yana ƙwanƙwasa bango, ba ka duba ba ne.

Ga dalilin da ya sa na ce kada ka yi rajista yanzu. Lissafin a fili yake: fam 50 a wata, fam 13 a shiga, sai kana zuwa aƙalla sau ɗaya a mako kafin ka ci riba. Kowa a makon farko yana rantsuwa kullum zai zo. Fatar hannunka ma ba za ta bari ba. Kusan duk gidajen suna sayar da katin shiga goma a farashi mai sauƙi, kuma akwai ragi in ka je da rana a ranakun aiki, ko kana da katin ɗalibi. Sayi katin goma. In ka cinye shi cikin wata guda ko ɗan fiye, to kai ɗan gida ne, yi rajista. In bayan wata uku yana nan da saura, ka tsira da kuɗinka, Baba Alhaji ya yi gaskiya.

Abin da zai nuna maka ko za ka daɗe ba ƙarfi ba ne. Ka lura mariƙan launi-launi ne ko? Kowane launi hanya ce da wani ya zauna ya tsara, ya ɗaure su da noti a inda yake so, yana da abin da yake nufin jikinka ya yi. Sai ka tarar da wata hanya mai mariƙi shida kacal ta gagare ka, ka zauna a katifa kana kallon ta, wata yarinya da ba ta kai kafaɗarka ba ta zo ta juya ƙugu, ta sa diddige a inda kai hannu kake kaiwa, ta wuce. Ka tashi ka gwada yadda ta yi, sai ga ka a sama. In ka koma gida kana kwance kana juya wannan hanyar a kanka, to ta kama ka. In kuwa ba abin da ka tuna sai ciwon hannu, gara ka nemi wurin iyo. Kuma duk bayan 'yan makonni suna kwance ɓangare guda su ɗaura sababbi, shi ya sa ba a gajiya da wurin yadda ake gajiya da injin gudu.

Takalmi ma kada ka saya tukuna. Na haya ya ishe ka, sa safa siririya in kana ƙyanƙyami. In ka zo saye za ka haɗu da masu ce maka sai wanda ya matse har kana hawaye. Wannan na 'yan gasa ne. Ya kama ƙafa ba sarari, yatsu su taɓa gaba, amma ban da azaba.

Ɗan Maraɗi a Faransa:
Salamu alaikum mutanen Ingila. Malam Ɗan Kufena ya yabi garinsu ya manta da mu. Lambobin da kuke gani a gindin hanya masu nuna wahalarta, 5, 6A, 6B, daga nan suka fito, daga dajin Fontenbulo kudu da Paris, inda mutane suke hawan ƙananan duwatsu tun fiye da shekara ɗari. Masu harafin V kuwa na Amurka ne, daga Hueco Tanks a jihar Teksas. Shawarata ga Abban Nana, kada lambar ta dame shi. Abin da wani gida ya kira V3, wani gidan V1 zai kira shi. Wasu suna sassautawa don baƙo ya ji daɗi ya dawo. Ranar da ka fita kan dutsen gaske za ka san matsayinka.

Ɗan Kufena:
Gaskiya ne wannan, ba musu. Stanage ma haka yake ƙasƙantar da mutane.

Maman Ilham:
Ni maganar Nana ce ta sa zan yi magana. Shekararta nawa?

Abban Nana:
Tara, Anti.

Maman Ilham:
To kai ta. 'Ya'yana mata biyu suna yi a nan Mancesta, ni ma ta dalilinsu na fara. Akwai wani tsari na yara da ake kira NICAS, daga shekara bakwai ake shiga, mataki-mataki ne, kowace yarinya da ɗan littafinta ana sa mata hannu in ta iya ƙulli, in ta iya riƙon igiya. Babbar tawa da ba ta iya haɗa ido da mutane, yanzu ita ke duba ƙullin wasu kafin su hau. In kuma kai za ka kai ta da kanka, ka sani ba a yarda ka sake ta kana danna waya ba. Yawanci babba ɗaya yara biyu kawai ake bari ya kula da su. Babban haɗarin yara a wurin ba hawa ba ne, gudu a kan katifa ne a ƙarƙashin wani ƙato da ke shirin faɗowa.

Sutura kuma, tunda Ustaz ya ambata: ba wanda ya taɓa ce mana mu cire komai. Dogon wando mai faɗi da doguwar riga, ya ma fi, don bangon yana da kaushi, yana goge gwiwa. Hijabi dai a sa irin na wasanni wanda ake zurawa, ba allura, a cusa bakinsa cikin riga, saboda in yana reto na'urar riƙon igiya tana iya cafke shi, kamar yadda take cafke gashin masu dogon gashi. Gidaje da yawa suna da lokacin mata zalla, a tambaya. Salla kuma ni a ɗakin miƙe jiki nake yi, na tambayi ma'aikatan sau ɗaya suka ce ba komai.

Hajiya Bilki:
Maman Ilham, ki yi haƙuri, ni fa ban gamsu ba. 'Ya mace a saman bango, maza a ƙasa sun ɗaga kai? Wasu ma an ce ko riga ba sa sawa. Yanzu tana da tara, gobe fa in ta kai sha biyar ta ce ba za ta bari ba?

Maman Ilham:
Hajiya, damuwarki tana kan hanya, ni ma na yi ta. Shi ya sa babbar tawa lokacin mata take zuwa, ko da sassafe ranar Lahadi da ba kowa. Masu cire riga akwai su, amma wasu gidajen sun hana, sai a zaɓi inda aka hana. Kuma ki nemi bidiyon Aries Susanti Rahayu 'yar Indunusiya. Da hijabinta ta hau bangon gudu mai mita 15 cikin daƙiƙa 6.995 a birnin Shiyamen na ƙasar Sin a 2019, ita ce mace ta farko da ta hau shi cikin ƙasa da daƙiƙa bakwai. 'Ya'yana sun kalle shi har sun haddace.

Hajiya Bilki:
Na ji, amma ni dai tawa sai dai ta yi iyo a lokacin mata. Kowa da yadda yake tafiyar da gidansa.

Alhaji Garba na Biradfod:
Tsaya. Mita 15 cikin daƙiƙa bakwai? Mutum ko aljan?

Ɗan Kufena:
Mutum Baba. Maza ma sun fi haka. A gasar Olamfik ta Paris a 2024, Veddriq Leonardo, shi ma ɗan Indunusiya, ya ci zinare da daƙiƙa 4.75, Sam Watson na Amurka kuma ya yi 4.74 a wannan ranar amma tagulla ya samu, don a zagayen neman na uku ya yi ta. Bangon gudun iri ɗaya ne a duk duniya, mariƙan ba sa canza wuri, haddace shi suke yi. A gasar Tokiyo da aka yi a 2021 aka fara sa wasan a Olamfik. Kuma ɗan ƙasar nan, Toby Roberts, ya ci zinaren bolda da igiya a Paris yana da shekara 19. Ta mata kuwa Janja Garnbret 'yar Sulobeniya ce ta cinye duka biyun, Tokiyo da Paris.

Ɗan Fagge:
Baba ya fara tambaya. Jama'a ku shaida.

Alhaji Garba na Biradfod:
Kai Ɗan Fagge ka kiyaye ni. Tambaya ba yarda ba ce. Mu ma a zamaninmu an kai mu makarantar horo ta Shere a Jos, mun hau dutse da igiya, ba sisin da muka biya.

Sani Injiniya:
Ina da tambaya ga Ustaz. Allin ruwa da ake shafawa a hannu, na karanta jikin kwalbar, akwai sinadarin alkohol a ciki. Tun lokacin korona wasu gidajen suka fi son a yi amfani da shi. In na shafa, zan iya salla ba tare da na wanke ba? Kuma in na naɗe yatsa da filasta saboda fata ta saɓule, yaya alwala?

Ustaz Nura:
Hukuncinsa ɗaya da turaren fesawa da man tsabtace hannu. Malamai sun yi saɓani, da yawa daga na wannan zamani suna ganin irin wannan sinadari ba najasa ba ne, haramcin a sha yake. Kuma cikin ɗan lokaci yake bushewa ya bar alli kawai. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ga na gari nan, ya yi amfani da shi. Amma kowanne ka shafa, wanke shi sosai lokacin alwala, don in ya yi kauri yana iya tare ruwa. Filasta kuwa, in ciwo ne a ƙasa wanda ruwa zai cutar, ka yi shafa a kai. In don kariya kawai ka naɗa, warware shi.

Sani Injiniya:
Allah ya saka da alheri. Abu ɗaya zan ƙara wa Abban Nana, tunda Dakta ta tura shi wajen igiya. Na'urar nan mai riƙe igiya da kanta, ita ba ta cika samun matsala ba, mutane ne ke mantawa su maƙala kansu. Mutum ya hau ya sauka ya hau ya sauka, ya gaji, hankalinsa na wani wuri, ya kama bango ba igiya, ya kai sama ya saki jiki. An rasa rayuka ta haka a ƙasashe daban-daban. Shi ya sa suke shimfiɗa wani babban ƙyalle mai kusurwa uku ya rufe mariƙan farko, sai ka cire ƙugiyar daga jikinsa ka maƙala a ɗamararka kafin hanya ta buɗe. Kada ka taɓa zagaye ƙyallen nan. Kafin ƙafarka ta bar ƙasa, ja igiyar ka ji ta ja ka. In kuma mutum ne zai riƙe maka, ku duba juna kowane hawa, kai ka duba na'urarsa, shi ya duba ƙullinka, ko da shekara goma kuka yi tare. Ba za su bar ka ka riƙe wa kowa ba ma sai sun gwada ka, ko ka yi ɗan kwas ɗinsu.

Abban Nana:
To Nana za ta iya riƙe mini in ta koya?

Ɗan Kufena:
A'a! Ka ninka ta a nauyi fiye da sau biyu, in ka faɗo sama za ta yi. Kai za ka riƙe mata. Naka riƙon ka bar mini.

Abban Nana:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Ga abin da na yanke: katin goma zan saya, rajista sai na ga yadda hunturun ya tafi da ni. Zan ga likita ranar Talata in ji ko bolda ko igiya. Nana kuma mamanta ta ce sai ta je ta ga wurin da idonta tukuna. Malam Ɗan Kufena, yaushe kake zuwa?

Ɗan Kufena:
Lahadi da safe, ƙarfe goma, kafin wurin ya cika. Mu gama kafin azahar. Ka yanke farce, ka zo da ruwa da wando mai faɗi. Alli ina da shi.

Alhaji Garba na Biradfod:
Ni dai ra'ayina bai canza ba, kuɗin ya yi yawa. Amma akwai jikana Walid, ya ishe mu da hawan kan firji da tagogi, uwarsa har ta gaji da duka. Shekararsa shida. Suna karɓar irinsu?

Maman Ilham:
Suna karɓa Baba, akwai ajin ƙanana, sai dai a kira a kama wuri tun da wuri don yana cika. Kuma uban ko uwar ne za su sa hannu a takardar, ba kaka ba.

Ɗan Fagge:
Malam Ɗan Kufena, suna da takalmin haya lamba 47? Ba don ni ba, wani ne ya ce in tambaya.

Ɗan Kufena:
Suna da shi. Ka gaya wa wanin jirgin ƙarfe takwas da rabi zai kamo in yana so ya same mu, kuma ya zo da safarsa.